Tarihin Raccoon City: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake gane sahihin labari

Duk wanda ya daɗe a shagon gem ya san irin musun da ake tafkawa a kan wasan bidiyon Resident Evil da birnin da ke cikin labarinsa, Raccoon City. Wani ya rantse kamfanin Umbrella ne ya jefa wa birnin bam, wani ya ce gwamnatin Amurka ce. Wani ya ce birnin yana jihar Pennsylvania, wani ya ce a bidiyo ya ga an nuna Missouri. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu musun ba ƙarya suke yi ba. Kowa ya ɗauko nasa daga wata rijiya daban, bai kuma san cewa rijiyoyin ba ɗaya ba ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da ke cikin wasannin da kansu.

Birnin da babu shi a duniya, me kuma za a tantance a tarihinsa?

Birnin ƙagagge ne, amma abin da aka rubuta a kansa ba iska ba ce. Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wasan farko a 1996 a kan PlayStation, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami, kuma tun daga lokacin marubuta daban-daban suke ta ɗora bulo a kan bulo. Kowace magana da aka yi a kan birnin tana da ranar da aka fitar da ita, da wanda ya rubuta ta, da harshen da aka fara rubuta ta. Don haka idan mutum ya ce "magajin garin Raccoon injiniya ne kafin ya shiga siyasa", ana iya komawa a duba, a ce masa ya yi daidai ko bai yi ba. Tambayar ita ce wa ya faɗa, a wane wasa, a wace shekara.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fanni. Tun muna yara aka koya mana cewa ruwaya sai da mai ruwaya, kuma "an ce" ba sunan mutum ba ne. Wannan tarbiyyar ce kawai za mu ɗauko mu yi aiki da ita a nan. Kuma labarin Raccoon kansa labari ne na ɓoye gaskiya: kamfani ya saye hukuma, an toshe bakin waɗanda suka tsira daga gidan dajin da kamfanin ke gwaje-gwajensa, ɗan jarida Ben Bertolucci ya ƙare a ɗakin tsare masu laifi na ofishin 'yan sanda. Wanda yake son irin wannan labari, bai kamata ya zama mai yaɗa ji-ta-ji-ta a kansa ba.

To mene ne ya tabbata, wanda ba a jayayya a kansa?

Ƙashin bayan labarin bai canza ba tun ƙarshen shekarun 1990. Raccoon birni ne a yankin da Amurkawa ke kira Midwest, kusa da duwatsun Arklay, kuma tattalin arzikinsa ya rataya a wuyan kamfanin magunguna na Umbrella. A watan Yulin 1998 rundunar S.T.A.R.S. ta 'yan sandan birnin ta shiga daji binciken kashe-kashe, ta faɗa gidan Spencer inda Umbrella ke gwajin ƙwayar cutar T, mai mayar da mutane gawarwaki masu tafiya. A watan Satumba sojojin kamfanin suka harbi masanin kimiyya William Birkin don su ƙwace wata ƙwayar cuta da ya ƙirƙiro mai suna G, kwalabe suka fashe a magudanar ruwa ta ƙarƙashin birnin, ɓeraye suka kwashi cutar suka yaɗa. Jill Valentine ta rundunar S.T.A.R.S. ta fara neman hanyar fita a ranar 28 ga Satumba, Leon Kennedy da Claire Redfield suka shigo a daren 29 ga wata, sannan a ranar 1 ga Oktoba gwamnatin Amurka ta shafe birnin da makami mai linzami. Mai karanta labarai a ƙarshen Resident Evil 3 na 1999 ya ce mamatan sun haura 100,000.

Daga nan ne saɓani ke farawa, a cikin ƙananan bayanai.

Idan majiyoyi biyu suka saɓa, wacce zan ɗauka?

Ni ga yadda nake jera su. Na gaba shi ne abin da ka gani da idonka a cikin wasan: abin da ya faru a gabanka, da takardun da kake tsinta a kan tebur ko a jikin gawa. Gani ya kori ji. Bayansa sai abin da Capcom ta wallafa da hannunta a wajen wasan, kamar littattafan jagora da kundin Resident Evil Archives na 2005. Sai hirarrakin da aka yi da waɗanda suka rubuta wasan. Sai kuma kayan da wasu suka yi da lasisin Capcom, wato littattafan labari da mujallun zane da finafinan da 'yan wasan kwaikwayo suka fito a ciki. Can ƙarshe sai aikin masoya: shafukan wiki, bidiyon sharhi, da zaren muhawara.

Wannan jeri ba doka ba ce da Capcom ta kafa, tsari ne na aiki. Wani lokaci na ƙasa yakan gyara na sama, misali idan masoyi mai jin Japananci ya nuna cewa an yi kuskuren fassara a cikin wasan. Amma ko a nan, ƙarfin maganarsa daga rubutun asali ya samo shi.

Ashe ba duk takardar da na tsinta a cikin wasa gaskiya ce ba?

Nan ne mutane da yawa ke zamewa, kuma nan ne daɗin abin yake. Takardar tabbas daga Capcom ta fito, amma an sa ta a bakin wani mutum na cikin labarin, shi kuwa wannan mutumin yana iya zama maƙaryaci, ko ɗan siyasa, ko wanda bai san komai ba.

Ɗauki takardar jagorar birni da ake samu a Resident Evil 3 na 1999. Magajin gari Michael Warren ne ya sa mata hannu. A ciki ya yaba wa Umbrella bisa gudummawar da take bayarwa, ya ce da kuɗinta aka yi ayyukan jin daɗin jama'a, ya ce a 1992, shekararsa ta biyar a kan mulki, aka sake gina ofishin hukumar birni aka kuma gina asibiti na zamani, har aka yi masa mutum-mutumi. Ya ƙara da cewa ya zo garin a matsayin injiniya fiye da shekara 35 da suka wuce, ya yi aikin wutar lantarki da na taragon da ke bin titi.

Yanzu mu rarrabe. Shekarar 1992 da asibiti da mutum-mutumi, waɗannan za a iya riƙe su, don mutum-mutumin ma kana ganinsa da idonka a wasan, asibitin kuma Carlos, sojan hayan da ke taimakon Jill, yana shiga cikinsa neman maganin Jill. Maganar cewa gari ne na zaman lafiya saboda karamcin Umbrella kuwa, wannan yabon kai ne na mai mulkin da ke cin gajiyar kamfanin, kuma marubutan da gangan suka sa shi don ka karanta shi alhali titi cike yake da gawarwaki masu tafiya. Sannan akwai abu na uku: shekarun da takardar ba ta faɗa ba amma ake lissafowa daga cikinta. Idan ka cire 35 daga 1998 za ka samu 1963, amma ita takardar "fiye da" ta ce. Wanda zai kafa hujja da wannan takarda kaɗai, sai ya ce Warren ya zo wajen farkon shekarun 1960. Idan yana son ya ambaci shekara takamaimai, sai ya kawo wata majiyar da ta ambace ta.

Haka ƙasidar masu yawon buɗe ido da ke Resident Evil 2 na 2019, wato sabon zubin wasan 1998 da aka sake yi. Ta gaya maka cewa ofishin 'yan sanda a da gidan ajiye kayan zane da sassaƙa ne, wanda hakan ya bayyana dalilin da ya sa gumaka da ƙofofin sirri suka cika shi. Ta kuma yabi gidan marayun da Umbrella ta kafa. Sai ka shiga gidan marayun da kanka, ka karanta wasiƙun da ke ciki, ka gane abin da ake yi da yaran. Takarda ɗaya, rabinta bayani ne mai amfani, rabinta fenti ne a kan ruɓaɓɓen bango.

Akwai kuma bidiyon Wesker's Report da Capcom ta fitar a 2001. Yana cike giɓi da yawa, amma mai ba da labarin Albert Wesker ne, mutumin da ya ci amanar rundunarsa ta S.T.A.R.S. ya kuma ci amanar Umbrella. Ranaku da jerin abubuwan da ya kawo suna da amfani. Dalilan da ya bayar kan abin da ya aikata kuwa, nasa ne.

A wace jiha birnin yake?

Wasannin da suka kafa tarihin birnin ba su ambaci jiha ba, Midwest kawai suka ce. Pennsylvania ta fito ne daga littattafan labari na S.D. Perry da aka fara bugawa a 1998, kuma Pennsylvania ma ba ta cikin jihohi 12 da ake lissafawa a Midwest. Masu cewa Missouri hasashe suke yi: suna neman jihar da ke Midwest kuma take da tsaunuka, sai suka ga tsaunukan Ozark sun dace. Hasashen yana da ma'ana, amma sunansa hasashe. Birnin da ka gani a fim ɗin Resident Evil na biyu na 2004 kuwa Toronto ce ta ƙasar Kanada, can aka ɗauki fim ɗin.

Na kalli finafinan duka. Ba zan iya kafa hujja da su ba?

A kan labarin fim, ƙwarai kuwa. A kan labarin wasa, a'a. Jerin finafinai shida da aka fara a 2002, wanda Milla Jovovich ta fito a matsayin Alice, duniyarsa daban ce. Babu Alice a wasannin, babu kuma Hive, cibiyar gwajin Umbrella ta ƙarƙashin ƙasa. A fim na biyu Umbrella ce ta harba nukiliya ta kuma ce tashar makamashi ce ta fashe, alhali a wasa gwamnatin Amurka ce ta yanke hukuncin. Wannan shi ne tushen musun da na fara ambata, kowanne daga cikin masu musun yana da gaskiya a ɗakinsa.

Fim ɗin 2021 na Johannes Roberts ya fi kusa da wasannin a sunaye da wurare, amma ya haɗe abin da ya faru a gidan Spencer da na cikin birni a dare ɗaya, alhali wata biyu ne tsakaninsu. Shirin Netflix na 2022 ya ƙirƙiro sabon Raccoon City a Afirka ta Kudu, aka kuma dakatar da shi bayan zango ɗaya. Finafinan zanen kwamfuta, tun daga Degeneration na 2008 zuwa Death Island na 2023, su ne aka yi su a kan zaren labarin wasannin, don haka matsayinsu daban ne da na sauran.

Tsohon wasa da sabon zubinsa sun saɓa. Wanne ya soke wanne?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya, kuma ina ganin kuskure ne a amsa ta da kalma ɗaya. Mu fara da ganin girman saɓanin.

A Resident Evil 3 na 1999, Nemesis, dodon da Umbrella ta turo farautar 'yan S.T.A.R.S., shi ne ya kashe ɗan rundunar Brad Vickers a ƙofar ofishin 'yan sanda, a gaban idon Jill. A zubin 2020, cizo aka yi masa a mashaya tun farkon wasan, daga baya ya rikiɗe ya ciji ɗan sanda Marvin Branagh. A tsohon, Jill ta gyara taragon titi ta tsere da shi zuwa hasumiyar agogo. A sabon, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, hasumiyar kuma ba a shiga cikinta a bincika kamar da, filin shaƙatawa da tsohuwar masana'antar ƙarshe duk an cire su, an kawo wani ɗakin gwaje-gwaje a madadinsu. Mai shagon bindigogi Robert Kendo, a Resident Evil 2 na 1998 gawarwaki ne suka fasa taga suka kashe shi cikin 'yan daƙiƙu. A 2019 an ba shi 'ya mai suna Emma da wani yanayi mai karya zuciya. Gidan marayu kuwa babu shi sam a wasan 1998.

Ka ga ba fenti kawai aka sake ba, taswirar birnin ce ta canza. Garin 1999 mai lunguna ne matsattsu, na 2020 kuma babban birni ne mai dogayen benaye da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Akwai sabon zubin da kusan kowa ya yarda ya maye gurbin tsoho, wato na wasan farko da Mikami ya sake yi da kansa a 2002 a kan GameCube. Shi ne ya kawo Lisa Trevor, 'yar maginin gidan Spencer, kuma abubuwan da Capcom ta fitar bayan haka sun ci gaba da ambatonta. Wannan ita ce hanyar gwaji da na fi amincewa da ita: ka duba abin da wasannin baya suka ɗauka suka yi gini a kai. Inda babu irin wannan shaida, abin da ya fi gaskiya shi ne ka ambaci zubin da kake magana a kai. Ka ce "a wasan 1999 Nemesis ne ya kashe Brad." Babu mai iya ƙaryata ka, kuma mai sauraro ya ƙaru.

Wasa ɗaya ma yana da ƙarshe iri-iri. Yaya ake sanin na gaskiya?

Wani lokaci babu ɗaya daga cikinsu da ya cika. A wasan farko, idan ka ɗauki Chris Redfield, abokin aikin Jill, ba za ka yi tafiya da Barry Burton ba, idan ka ɗauki Jill ba za ka haɗu da Rebecca Chambers ba. Amma labarin da ya biyo baya ya nuna Chris da Jill da Barry da Rebecca duk sun tsira. Babu ƙarshen da ya nuna su huɗun tare a jirgi. Abin da ya tabbata haɗin gambiza ne na hanyoyin biyu.

A Resident Evil 2 na 1998, idan ka fara da Claire sannan Leon, Sherry, 'yar William Birkin, tana kamuwa da ƙwayar G har a nemo mata rigakafi. Idan ka fara da Leon, hakan ba ya faruwa. Sai Resident Evil 6 na 2012 ya zo da Sherry babba, jikinta na warkar da rauni nan take saboda ragowar ƙwayar G. Wannan ya nuna wace hanya marubuta suka riƙe a kan wannan batu. A kan wannan batu kaɗai, ka lura, ba a kan kowane abu da ke cikin hanyar Claire ba.

Operation Raccoon City na 2012, wanda kamfanin Slant Six ya yi, tun asali an gina shi ne a kan "da a ce". Har kashe Leon ana iya yi a ciki. Ba a kafa hujjar tarihi da shi.

Me ya sa kake yawan maganar fassara?

Domin da Japananci aka rubuta labarin, sunansa ma a can Biohazard ne. Abin da muke karantawa da Turanci ya riga ya bi ta hannu ɗaya, idan kuma muka mayar da shi Hausa ya bi ta hannu biyu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Fassarar shekarun 1990 an yi ta cikin gaggawa, kuma alamun hakan suna nan a sunaye. Sojan hayan nan ɗan Rasha na Resident Evil 3, Turancin wasan ya rubuta shi Nicholai Ginovaef, alhali sunan Rashanci da ake nufi shi ne Nikolai Zinoviev. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Umbrella an rubuta shi Ozwell Spencer a wani wuri, Oswell a wani. Idan suna ya iya karkacewa haka, to jimla mai ɗauke da rana ko dalili ma tana iya karkacewa.

Ba sai ka iya Japananci ba. Akwai masoya da suka sadaukar da shekaru suna sake fassara takardun, irin su masu shafin Project Umbrella. Abin da za ka nema shi ne shafin da ya ajiye rubutun Japanancin kusa da fassararsa, don wanda ya nuna maka asali ya ba ka damar kama shi idan ya yi kuskure. Manhajar fassara ta waya tana taimakawa wajen lambobi da ranaku, amma ba a yanke hukunci da ita a kan ma'ana mai zurfi.

Nukiliya ce ta shafe birnin ko wani makami ne?

An daɗe ana wannan muhawara. Abin da ido ya gani shi ne, wasan 1999 ya nuna makami mai linzami guda ɗaya, wasan Resident Evil Outbreak na 2003 kuma ya nuna da yawa. Wasu masoya na cewa nukiliya ce, wasu na cewa bam ne mai ƙona iska. Duk wanda ya ba ka ɗaya daga cikin amsoshin nan, ka tambaye shi wasa ko littafin da ya faɗa, da kuma harshen da ya karanta shi. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne ranar da kuma wanda ya harba. Resident Evil 6 ya ƙara da cewa Derek Simmons, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, na da hannu a matsa wa gwamnati ta yi hakan, kuma shugaban ƙasa Adam Benford ya yi niyyar fallasa gaskiyar a 2013 kafin a hallaka shi.

Wiki da YouTube fa? Da manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira?

Wiki wurin farawa ne mai kyau ƙwarai, ni ma can nake fara leƙawa. Amma idonka ya sauka a kan ƙananan lambobin da ke ƙarshen jimla. Ka taɓa lambar ka ga inda ta kai ka. Idan ta ce sunan wasa da sunan takarda, ka samu abin bi. Idan jimlar ba ta da lamba, ka ɗauke ta a matsayin maganar wani da ba ka sani ba. Kowane shafi yana da tarihin gyare-gyare, inda za ka ga ranar da aka shigar da magana da kuma ko an yi jayayya a kanta.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Wani ya rubuta hasashensa a wiki, mai bidiyo ya karanta ya faɗa da murya mai ƙarfi, shafin labaran gem ya ɗauko daga bidiyon, sannan wani ya dawo wiki ya kafa hujja da shafin labaran. Kai da ka zo daga baya sai ka ga wurare uku sun faɗi abu ɗaya, alhali bakin mutum ɗaya ne. Yawan masu maimaitawa ba ya ƙara wa magana nauyi sai in kowannensu ya gano ta da kansa.

Mai bidiyon da ya san aikinsa yana nuna takardar a kan allo ya bar ta ta daɗe har ka karanta. Manhajojin hira kuwa suna yawan cakuɗa fim da wasa da littafi a amsa ɗaya, da harshe mai santsi. Ka nemi ta faɗa maka sunan takardar da wasan da take ciki, sannan ka je ka duba da kanka ko akwai ta.

Idan wanda ya yi wasan ya faɗi abu a hira, ai magana ta ƙare?

Tana da nauyi, amma ka duba abu biyu: mene ne aikinsa a wasan, kuma yaushe ya yi maganar. Hideki Kamiya ne ya jagoranci Resident Evil 2, Noboru Sugimura ya tsara labarinsa, Yasuhisa Kawamura kuma ya rubuta na uku. Kowannensu mai ɗaki ne a kan abin da ya yi niyya a lokacin. Sai dai Sugimura ya rasu a 2005, Kamiya da Mikami sun bar Capcom tun tuni, labarin kuma ya ci gaba a hannun wasu. Maganarsu tana gaya maka abin da aka nufa a 1998, ba lallai ta ɗaure hannun marubutan yau ba.

Haka abin da aka fara aka watsar. Kafin Resident Evil 2 ya fito, an yi nisa da wani zubi da masoya ke kira 1.5, mai jaruma Elza Walker a madadin Claire, da ofishin 'yan sanda irin na zamani wanda ba shi da alaƙa da gidan kayan zane. An soke shi aka fara daga tushe. Hotunansa suna yawo har yau, kuma suna da daraja ga mai son tarihin yadda aka yi wasan. A tarihin birnin kuwa ba su da gurbi.

Ba ni da na'urar wasa, data ma sai a hankali. Zan iya wannan binciken?

Za ka iya. Rubutu ba ya cin data, kuma kusan duk takardun wasannin an kwafe su kalma da kalma a intanet. Ka nemi sunan wasan da sunan takardar. Idan abin da kake son gani yanayi ne ba rubutu ba, ka nemi bidiyon da aka buga wasan ba tare da sharhi ba, ka rage ingancin hoton, ka tsallaka zuwa wurin da kake so. Idan mahaɗin da aka kafa hujja da shi ya mutu, ka liƙa shi a Wayback Machine, sau da yawa za ka samu tsohon kwafi. Hoton allo da aka turo maka a WhatsApp ba tare da sunan wasa ba, kada ka tura shi gaba sai ka gano daga ina yake.

Gaskiya ne asalin cutar daga Afirka ta Yamma yake?

A cikin labarin, haka ne. Resident Evil 5 na 2009 ya nuna cewa ƙwayar Progenitor, uwar ƙwayar T, an samo ta ne daga wata fure da ke tsirowa a kangon wata ƙagaggiyar ƙabila mai suna Ndipaya, kuma a kan wannan binciken Spencer da James Marcus da Edward Ashford suka kafa Umbrella a 1968. Yankin Kijuju da wasan ya gudana a ciki shi ma ƙagagge ne, ba ya kan taswirar kowace ƙasa. Abin da kunnen Bahaushe zai kama nan da nan shi ne, an ce Afirka ta Yamma ce amma mutanen Swahili suke yi, harshen gabashin nahiyar. Sunan maƙiyan ma, Majini, kalmar Swahili ce da ke nufin aljanu. Wannan ya dame ni tun ranar da na fara jinsa, don ya nuna ba a tsaya an bambance gabas da yamma ba. Idan ka ga wani ya rubuta cewa Kijuju tana Najeriya ko Nijar ko wata ƙasa takamaimai, ka nemi ya nuna maka takardar.

An ce sabon wasa ya koma Raccoon. Ya canza abin da muka sani?

A watan Yunin 2025 Capcom ta sanar da Resident Evil Requiem, mai jaruma Grace Ashcroft, 'yar Alyssa Ashcroft, 'yar jaridar da aka fara gani a Outbreak, wadda sunanta ya sake fitowa a kan wata jarida a Resident Evil 7 na 2017. Tallan farko ya nuna kangon birnin, har da ragowar ofishin 'yan sanda a tsaye. Wannan ya girgiza waɗanda suka ɗauka cewa ko tubali bai rage ba bayan 1 ga Oktoban 1998.

Talla dai yanka-yanka ne da aka jera don jan hankali, kuma bidiyoyin hasashe da aka yi a kansa suna nan a intanet ba a goge su ba. Kafin ka ɗauki magana daga ɗayansu, ka duba ranar da aka ɗora shi. Idan a kan talla kaɗai aka gina shi, ka gwada abin da ya faɗa da wasan kansa da takardun da ke cikinsa, ka kuma lura da wane zubin ofishin 'yan sandan kangon ya yi kama da shi, na 1998 ko na 2019.